Kilishin Tasawa: Daga Bakin Wuƙa Zuwa Hannun Mai Saye

Duk motar da ta taso daga Maraɗi za ta Damagaram, ko ta fito Damagaram ta nufi Yamai, sai ta ratsa Tasawa, kuma da wuya ta bar garin ba tare da wani fasinja ya cusa ƙunshin kilishi a jakarsa ba. Ta haka sunan kilishin garin ya kai inda ya kai. Wanda aka kai wa tsaraba ya ci, ya tambayi inda aka sayo, watarana shi ma hanya ta biyo da shi. A 2023 hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, ta miƙa wa Nijar takardar shaidar da ta keɓe sunan kilishinta, tare da ta albasar Galmi. Takarda ta kare suna, amma ba ta yanka nama. Bayanin nan na mai son ya yi kilishi da hannunsa ne, ko uwargida ce da naman layya ya yi wa yawa a Mayahi ko Kanambakashe, ko saurayin da ke son kafa teburinsa a bakin tasha.

Mai koyo kusan kullum da yaji yake fara tambaya: me ake sawa, nawa ake sawa, wane sirri masu abin suke ɓoyewa. Yaji kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka. Kilishi a bakin wuƙa da kan shanya yake gyaruwa ko ya ɓaci, tun ba a daka citta ba.

A fara da lokaci. Ɗanyen nama kusan kashi 3 cikin 4 na nauyinsa ruwa ne, kuma aikin kilishi gaba ɗaya korar wannan ruwa ne kafin nama ya fara wari. Shi ya sa bazara ce kakar sana'ar. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a jihar Maraɗi yake haura digiri 40, sala mai kyau takan bushe cikin awa 3 zuwa 4. Hunturu ma yana busarwa sarai, tun da iskarsa ba laima, sai dai da ƙura yake tafe, kuma ba abin da ke kashe wa mai kilishi kasuwa irin a tauna a ji ƙasa a haƙori. Damina kuwa, musamman watan Agusta, ko gwanaye a ɗar-ɗar suke aiki: hadari ya rufe rana, ƙuda ya yawaita, nama ya kwana da danshi. Mai koyo ya bari ta wuce. Masu jiran naman layya sun taki sa'a, domin Babbar Salla tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2020 ƙarshen Yuli ta faɗo, ana tsakar ruwa. A 2025 farkon Yuni. Daga nan kuma za ta yi shekaru tana yawo tsakanin bazara da hunturu.

Naman sa ya fi dacewa, kuma cinya ce gidan kilishi, sai tsokar gadon baya in aljihu ya yarda. Ana yi da na raƙumi, ana yi da na rago da na akuya, har jar akuyar nan da ƙasar Tasawa ta yi suna da ita, amma tsokar ƙananan bisashe gajera ce, ba ta ba da faffaɗar sala, ga kitsen rago da saurin canza wari. Je mayanka da asuba ka sayi yankan ranar, wanda ma'aikacin kiwo ya duba ya buga wa hatimi. Kada araha ta ruɗe ka ka ɗauki naman dabbar da aka yi hanzarin yankawa don ta kusa mutuwa, ko wadda aka yi wa allura jiya. In ka ga ƙananan ƙulli farare a cikin tsoka, ƴaƴan tsutsar ciki ne, mayar wa mai shi. Mahauci in ya san na kilishi kake nema zai ware maka tsoka sukutum, don haka ka same shi tun da dare: "Sarkin fawa, a ajiye mini cinya ɗaya, don Allah kada a sa mata gatari." Uwargida kuma ta tuna a wajenmu ragon layya banƙare shi ake yi a jikin itace ya yini a bakin wuta. In kina son kilishi, ki sa a cire miki cinyar tun kafin a kafa shi, in kuwa watandar sa aka yi, maigida ya roƙi rabonsa ta ɓangaren cinya.

Kafin a fara sala sai an bi tsoka an cire kitse da jijiya da farin tantanin da ya lulluɓe ta. Nan mai koyo yake jin ciwo, yana kallon abin da ya biya kuɗi a kai yana taruwa a gefe. A cire dai. Kitse ba ya bushewa, narkewa yake yi a rana, kuma bayan mako biyu shi zai fara warin tsohon mai. Jijiya in ta bushe ba haƙorin da ke iya mata. Abin da aka cire tukunyar miya na jiransa. Ba a jiƙa naman da sunan wanki, tun da ruwa ake son kora. In da jini a goge da tsumma mai tsabta. Hannu da wuƙa da katako su ne masu bukatar sabulu.

Sai aikin da ya raba gwani da ɗan koyo. A raba tsoka gunduwa-gunduwa, kowace wajen rabin kilo, ana bin inda ta rabu da kanta. Ɗora gunduwa bisa katako mai santsi, ka dafa ta da tafin hagu, ka tsaga ta a kwance daga gefe guda har kusa da ƙarshe, amma kada ka raba ta biyu. Buɗe ta. Daga cikin tsagar nan za ka ci gaba da shiga da wuƙa a kwance, kana yanka kana mirgina gunduwar, tana warwarewa kamar ana kwance rawani, har dunƙulen nama ya koma shimfiɗa guda mai tsawon kamu biyu ko fiye. Kaurin da ake nema milimita 2 zuwa 3 ne. In ka ɗaga salar ka kalli rana ta cikinta, ya kamata haske ya ratso ja-ja.

Abin da ya fi siranta wuya, ya kuma fi ta muhimmanci, shi ne daidaito. Salar da ta yi kauri a nan ta yi siriri a can, gefe guda zai ƙone a wuta ɗayan na ɗanye a ciki, kuma daga wannan ɗanyen wuri fumfuna take kamawa. Wuƙa doguwa siririya ake so, ta maƙeran gida ma ta isa, da dutsen washi a kusa. Duk gunduwa 2 ko 3 a sake wasa ta. Jan wuƙa ake yi a hankali daga gindi zuwa tsini, ba a danna ta. In sala ta huje ba komai, ci gaba, farkon koyo kowa da huji yake farawa kuma huji ba ya hana daɗi. Mai firji ya sa naman ya yi awa guda ya ɗan sandare, yankan zai zo masa da sauƙi. Yaran da ke koyon sana'ar a gidajen mahauta sukan daɗe suna wankin tabarmi da korar ƙuda kafin maigida ya miƙa musu wuƙa. Ba mugunta ba ce, cinyar sa ta fi ƙarfin a yi gwaji da ita.

A gama yanka kafin hantsi ya ɗaga. Shanya a kan gadon kara ake yi, na gero ko na dawa, a ɗaga shi ya kai ƙugu, don iska ta bi ta ƙasa, ƙura da kaji kuma su rage. Tabarmar kaba, wadda ba ta wuya a Mayahi tun da Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar, tana yi in ba kara, sai dai saƙarta a matse take, dole a riƙa juya nama da wuri. A shafa ɗan man gyaɗa a shimfiɗar don kada sala ta manne, a baje kowace ba tare da wata ta hau wata ba. Kwanon rufi da leda ba wurin shanya ba ne, ƙasan naman gumi zai yi ya fara dahuwa. Ƙuda kuwa a tare shi da yadi mai raga, a ɗaga da sanduna kada ya taɓa nama. Gidan sauron da ake rabawa a asibiti ba na wannan aiki ba ne, akwai maganin ƙwari a jikin zarensa. Fesa maganin ƙuda kusa da shanya, ko yayyafa shi a tabarma, zuba wa mutane guba ne, ko wa ya ce maka haka ake yi.

Bayan awa 2 a ɓamɓare a juya. An kai inda ake so idan sala ta yi duhu, ta yi ƙarfi, ba ta manne wa yatsa, amma in an lanƙwasa ba ta karyewa. In ta bushe ƙayau za ta kakkarye wurin tsomawa, in da sauran danshi labun da za a tsoma ta ciki zai zame.

Daga nan hanya ta rabu uku. Mai son rumuzu ya kusa gamawa: a shafe salar da man gyaɗa da gishiri da ɗan yaji, a kai wuta. Shi ne kilishin da ba ya rufa wa nama asiri, kuma ni da shi nake gwada hannun mai kilishi. Fari da ja sai an tsoma su a labu, bambancinsu launi da yawan barkono.

Labu tunkuza ce aka dama da ruwa da kayan yaji. Tunkuza kuwa ita ce abin da ya rage bayan mata sun soya gyaɗa sun niƙa, sun murza da ruwan zafi sun tatse mai, kafin a mulmula a soya ta koma ƙuli-ƙuli. Ba banza kilishi mai labu ya yi gida a wannan yanki ba. Maraɗi da Damagaram su ne ƙasar gyaɗar Nijar, don cinikinta aka kafa kamfanin SONARA a 1962. Farin 1973 da cutar da ta kwantar da gyaɗa a 1975 suka karya fitar da ita waje, amma matsar mai a cikin gidaje ba ta tsaya ba, kuma har yau da wuya ka rasa matar da za ta sayar maka da tunkuzar safiyar ranar a unguwarku. Ita za ka nema, domin wadda ta kwana biyu ta fara tsami. Ka ce mata, "Inna, ta kilishi ce, a matse ta sosai," don mai in ya yi yawa labu ba ya bushewa da kyau, kilishin kuma ba ya daɗewa. In tunkuza ta gagara, a daka ƙuli-ƙuli marar yaji a tankaɗe, amma launin zai fi duhu kuma yana saurin ƙonewa, tun da ya riga ya sha wuta sau ɗaya.

Ka kuma san irin gyaɗar da take aiki da ita. Wadda ta yi fumfuna a rumbu, mai baƙi-baƙi ko ɗaci, takan ɗauki gubar da likitoci ke kira afalatoksin, mai cin hanta a hankali, kuma suya ba ta kashe ta. Matar da ke tsince gyaɗarta kafin ta ɗora kasko ta cancanci a ƙara mata kuɗi.

Ga awo na farawa, na tsoka kilo 5 da aka riga aka gyara: tunkuza kilo 2, ruwa wajen lita 2, manyan albasa 4, tafarnuwa dunƙule 2, garin citta cokali 4, barkono cokali 3 zuwa 6 gwargwadon bakin masu ci, masoro cokali 1, kanumfari da kimba rabin cokali kowanne, gishiri cokali 4, sukari cokali 2, sai dunƙulen ɗanɗano 5 ko 6 ga mai so. Babban cokali nake nufi. Kanumfari da kimba a yi hattara da su, in suka ɗan wuce sai su danne komai. Gishiri kuma ƙara fitowa yake bayan bushewa, don haka in ka ɗanɗana labu ka ji kamar da ɗan saura, to ya isa. A niƙa albasa da tafarnuwa lilis, a tankaɗe busassun kayan, a tafasa ruwan a bari ya huce kafin a dama. Kaurin da ake so shi ne in ka tsoma yatsa ka fitar, labu ya rufe yatsan yana ɗiga a hankali. Na ja, garin jan tattasai irin wanda ake kawowa daga Difa yana ba da launi da ƙamshi tare. Masu sayarwa da yawa sukan ƙara launi na saye. In za ka bi su, ka tabbata na abinci ne, ba na rini ba.

A tsoma sala ɗaya-ɗaya, a shafa labu da hannu gaba da baya, a bar ta minti 10 zuwa 20 ta sha, a ɗaga a share abin da ya yi yawa. Akwai masu lafta labu don sikeli ya yi nauyi. Mai saye yakan gane tun a gutsuren farko, lokacin da gari ya zube masa a riga ya nemi nama ya rasa. A mayar kan kara, awa 2 zuwa 4, a juya sau ɗaya, har labu ya kama jikin nama, in an shafa ba ya biyo hannu. In la'asar ta yi sanyi bai gama ba, a kwashe a baje a ɗaki mai iska, gobe da hantsi a ƙarasa. Kada a tara shi a kwano a rufe, dare ɗaya ya isa ya yi tsami. Labun da ya rage kuma, tun da ɗanyen nama ya shiga cikinsa, ba a ajiye shi don gobe. A zuba a miyar dare ya tafasa.

Gashi gajere ne amma ba a tsallake shi, don shi ke kashe abin da rana ba ta kashe ba, shi ke ta da ƙamshin gyaɗa. Jan garwashi ake so, ba harshe ba hayaƙi. Gawayin ƙirya ya fi kowanne riƙe wuta, amma ƙirya ta yi ƙaranci a dajinmu har ba na son in tura kowa gare ta. Busasshiyar sabara ko kalgo daga sassabe sun wadatar. A guji dogon yaro da tumfafiya, kada kuma a hura wutar da leda ko kananzir. A ɗora waya wajen taƙi ɗaya da rabi bisa garwashi, a ɗan shafa wa kilishi mai, a ba kowane gefe minti 3 zuwa 5, ido na kai. Da ka ga mai ya tsattsafo yana ƙyalli, ƙamshi ya tashi, gefuna sun ɗan yi duhu, sauke. Sukarin da ke cikin labu yana sa shi ƙonewa farat ɗaya, wanda ya juya baya don amsa waya ya yi asarar sala.

A baje ya huce sarai kafin a tara. Mai kyau in an karya shi yakan yi ƙara, cikinsa launi guda, ba ɗanyen ja a tsakiya. Irin wannan yana watanni a wuri busasshe mai iska. In aka ɗaure shi a leda da ɗuminsa, gumi zai yi, bayan gumi sai fumfuna. Takarda mai kauri marar rubutu ta fi. Ta buhun siminti da tsohuwar jarida, duk da an saba da su, ɗaya da ƙurar siminti ɗaya da tawada, mai kuwa duka biyun yake ja. In damina ta tarar da shi, a riƙa nuna masa rana ko wuta duk mako.

Wanda zai sayar ya yi lissafi kafin ya yanka farashi. Auna naman ranar da ka saya, auna bayan gyara, auna kilishin da ya fito. Za ka tarar ya koma wajen rabi, wani lokaci ma bai kai ba. A kan wannan nauyi na ƙarshe za ka raba kuɗin nama da tunkuza da yaji da gawayi da ladan yaro, sannan ka san girman na dala ɗari da na jika. Mai yanka da ido, yana kallon faɗin sala, sai uwar kuɗi ta zurare yana murnar ciniki.

Ciniki in ya buɗe, sabon haɗari ya zo. Ranar da masu saye suka ninka, direbobi suka fara kira a waya a ajiye musu, zuciya takan raya wa mutum ya rage awar shanya, ya ƙara labu, ya karɓi naman da jiya zai ƙi. Wanda ya sayi tsaraba a Tasawa sai ya kai Agadas ko Kano ko Kwatano zai kwance ta, gaban mutanen da ya yi wa alkawari. In ta ba shi kunya ba zai dawo ya yi faɗa ba, teburin gaba zai tsaya. Gara ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, na yau ya ƙare, sai gobe bayan la'asar," da ka miƙa masa wanda bai gama bushewa ba.

Godiya ga masu saye tana da hanyoyinta da aka gada. Ɗanɗano kafin ciniki na kowa ne, ko bai saya ba. Gyara ta wanda ya saya ce, kuma daga mai kyau ake yanko ta, a gabansa, bayan an gama awo; tattara ɓurɓushi a ce gyara ce raini ne. Wanda ya shekara yana zuwa wurinka ya kamata ka san bakinsa tun bai yi magana ba: "Hajiya, ga naki na ware, marar barkono, saboda yara." In Salla ta zo, ko shekara ta zagayo da kafa teburin, aika wa manyan abokan ciniki ƙunshi har gida, ka tuna da direba da ɗan kamashon da suka riƙa nuna wa baƙi wurinka, ka fitar da na sadaka. Duk wannan a sa shi cikin lissafi tun farko, layi ɗaya da kuɗin gawayi, don kada ranar da ciniki ya ja baya ya zama gyara ce za ta fara ɓacewa.

Na mai tafiya mai nisa a ƙara masa minti ɗaya a wuta, a bari ya huce awa guda, a naɗe da takarda ninki biyu, sannan leda daga waje don kada mai ya ɓata masa tufafi, a gaya masa ya kwance ledar da zarar ya sauka. Wanda zai hau jirgi zuwa Turai ko Amurka kuwa a faɗa masa gaskiya tun bai biya ba: ƙasashen nan ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga wajenmu, ko busasshe ne, a filin jirgi za a karɓe.